Ƙaiƙayi Kafin Ruwa

Ranar sadakar ukun Malam, ga waɗanda suka zo. Ƙaninsa Alhaji yana zaure tun hantsi, shi yake karɓar gaisuwa. Babban ɗanmu ya zo daga Ungogo da matarsa. Na biyun, wanda yake nan gari, yana ta shige da fice da tabarmi. Liman ya zo, mai unguwa ya zo, sarkin fawa ya zo da mutanensa. Mai wankin motar bakin titi ya leƙo, bai daɗe ba. Duba-gari ya zo a kan babur. 'Yata tana nan tun ranar rasuwa, sai ga surukinta, tsohon da ya haifi mijinta, ya iso daga gangare da matan ƙauyensu masu yawa, a ƙasa suka tako. Ni ina ɗaki cikin takaba, ban ga rabinsu ba. Amma ɗakina yana tsakanin zaure da kududdufi ne, ta gaba ina jin maza, ta baya ina jin kwaɗi, kuma na daɗe a gidan nan har na san tarin kowa.

Na ji sarkin fawa yana cewa, "Allah ya jiƙan Malam. Mun sha faɗa da shi, amma bai taɓa zagina ba." Na ji mai unguwa ya ce, "Mutum ne da in ya riƙe abu ya riƙe ke nan," aka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa, don kowa ya san abin da yake nufi. Mai wankin mota kuwa, ko fatiha bai gama shafawa ba na ji yana tambayar Alhaji a hankali, wai filin bayan gida yanzu a hannun wa yake. Ya ɗauka katanga ba ta da kunne.

Mutanen gangare kuwa sun ci gumba, sun yi addu'a, suna ta duban gabas. Can tsohon ya nemi iso, ya tsuguna a ƙofar ɗakina, ya yi mini gaisuwa. Hajiya yake ce mini, ko da yake ban taɓa zuwa Makka ba. Da ya gama sai ya murza carbi, sannan ya ce, "Hajiya, hadari yana ta haɗowa kwanakin nan. Bana wa zai zuba mana ƙaiƙayi?"



Ni ban yi karatu ba, faɗa nake yi ana rubutawa. Abin da ya sa na ce a rubuta, na san garin nan. Nan da damina biyu za a ce, ai tsohon nan ne mai son ruwan wari, shi ke nan an gama da shi. To ba haka ba ne, kuma ni da na fi kowa yi masa faɗa a kan ruwan, ni ya kamata in faɗa.

Garinmu a kan tudu yake, gidanmu ne na ƙarshe ta ƙasa. Duk abin da aka wanke a garin nan ta bayan ɗakina yake bi. Ruwan wanki, ruwan wanka, jinin mayanka, baƙin man masu gyaran babur, duk lambatu yake kwasowa ya zube a kududdufin da kakanninsu suka haƙa don ƙasar gini. A can gefen kududdufin akwai gaɓa mai tudu, da wata 'yar mafita a tsakiya. Bayanta akwai filin gadonsu, wanda kachala ta cinye, doguwar ciyawar nan ta fadama mai kai kamar gero. Bayan kachala sai rafi. Rafin ne yake bi ta gangare, inda 'yata take aure. Famfonsu ya daɗe da mutuwa. A yashin rafin suke tona rami su jira ya tsatso, su ɗebi na sha.

Ruwan fari shi ne mugu. Duk abin da gari ya tara da rani, bola da kashin dabbobi da masan da suka cika, shi yake sharowa gaba ɗaya. A da, in aka yi shi, washegari samari sukan fito da fartanya su fasa gaɓar, ana ta raha, gari ya huta. Lokacin da aka kawo ni gidan nan Malam ne ma kan gaba a wurin fasawa.

Wata shekara, bayan an fasa da 'yan kwanaki, amai da gudawa ya shiga gangare. Malam ya tafi taya su haƙa kaburbura, don yana da abokai a can. Da ya dawo ya ƙi cin tuwo. Ya ciro wani abu daga aljihun riga ya ajiye a gabana. Takalmin robarsa ne, na ƙafar hagu, wanda ya tsinke muka jefa a bola tun da rani. Ya ce, "Kin san inda na tsince shi? A bakin ramin da suke ɗiban ruwa."

Na ce, "To takalmi ne ya kashe su? Ajali ne."

Ya ce, "Ajali ne. Amma ta inda takalmin ya bi, sauran ma ta nan suka bi."

Ya rataye shi a jikin rumbu. Yana nan har yau, rana ta cinye shi ya zama fari.

Daga wannan shekara bai sake bari an fasa ba. Tun kafin bazara ta ƙare yake cika buhuna da yashi, ya jera su layi bisa layi a mafitar. In ruwan fari ya zo, sai ya riƙe shi. Zai je da safe ya tsuguna ya duba, ya dawo ya ce, "Bai kwanta ba." Gari ya yi ta surutu, wari ya ishi kowa, shi dai bai kwanta ba. Sai baƙin ya sauka ƙasa, saman ya koma kore-kore, kuma rafi ya kawo nasa ruwan na daji da ƙarfi, sannan zai ɗaga layin sama kawai, ruwan ya zurara a hankali ta cikin kachala. In ya fito ta ɗaya gefen ba a ce ya zama na sha ba, amma ba shi ne wanda ya shiga ba.

Maganar nan ta bi shi ko'ina. In yara suka yi faɗa aka kawo ƙara, sai ya ce, "A bari ya kwanta." In na ɗauki zafi, a bari ya kwanta. Har kunu in na miƙa masa. Akwai ranar da na ce masa in ya sake faɗa mini ita zan juye masa kunun a ka. Ya dube ni ya ce, "To shi ma a bari ya huce tukuna."

Sai maganar ƙaiƙayi. Duk ranar da zai saki ruwa, da sassafe yake ɗaukar buhun ƙaiƙayin gero ya gangara ƙasa da kachala, ya zazzage shi a rafi. Ƙaiƙayi ba ya nutsewa. Zai bi ruwa ya riga ƙazantar isa, ya maƙale a gaɓa da bakin ramuka. Duk macen da ta zo da tulu ta gan shi, ta san yau sai ta cika randa kafin rana ta take, daga nan kuma a bar rafi ya wuce. Shi kuwa ba ya taɓa buhun yashi ko ɗaya sai an kira azahar. Ba wanda ya koya masa, ba kuma wanda ya zauna ya yi yarjejeniya da mutanen gangare. Shekarar farko ya bi ƙaiƙayin a ƙasa yana faɗa musu, bayan nan suka gane da kansu, har Fulanin da ke shayar da shanu can ƙasa da su.

Ƙaiƙayin kuma nawa ne. Ni nake sussuka, ni nake shiƙa, ni nake tara masa a buhu duk kaka. Shekarar da katangar madafina ta faɗi saboda ruwan da ya riƙe, ta fasa mini tukwane, na ce na daina. Na ce, "Mutanen gangare suna barci lafiya, ni ina kwana da sauro ina tashi da wari. Jikanka ya kusa tafiya da zazzaɓi. Su ne mutane, mu ba mutane ba ne?" Da kaka ta zo sai aka shigo aka ce mini in fito in ga abin kunya. Na tarar da shi a masussuka, dattijo da gemunsa a tsakiyar mata, ya ari faifai yana shiƙa, iska tana mayar masa da ƙaiƙayin a fuska, mata suna rufe baki da mayafi. Na fizge faifan na ce, "Tafi gida, ka ishe ni." Ya tafi yana tari yana dariya. Na ci gaba da tarawa, amma har gobe ina nan a kan maganata. Sauron gaskiya ne, katangar ma gaskiya ce.

Duba-gari ma ya faɗa masa haka. Ya ce ruwan da ya kwanta kusa da gidaje cuta ne, ya kuma ce sakinsa ɗanye a rafi cuta ce da ta fi. Abin da ya dace, in ji shi, hukuma ta haƙa tafkuna a jere can nesa da gari, ruwan ya riƙa bi ɗaya bayan ɗaya yana tacewa. Malam ya ce, "Ranar da aka haƙa, ni zan fara kwashe buhunana." An zo an auna, na dama musu fura sun sha, sun tafi. Abin da aka yi daga baya shi ne aka zuba wa lambatun cikin gari siminti. Mutanen tudu suka ji daɗi. Mu kuwa ruwan da yake iso mana yana tafiya, sai ya koma iso mana da gudu.

Faɗansa da mahauta ya daɗe. In sun yanka, a lambatu suke wanke tumbi. Ya yi magana, ya kai ƙara wurin mai unguwa, ba a fasa ba. Sai ya sayi baro. Duk ranar kasuwa zai je mayanka ya kwashe abin cikin tumbin da kansa ya kai gona. Sarkin fawa ya riƙa yi masa ba'a, "Malam, taki kyauta ya yi daɗi ko?" Shi kuma ya ce, "Ƙwarai kuwa, Allah ya ƙara ciniki." Har ya bar duniya sarkin fawa yana ganin don gero yake yi.

Akwai abin da ko 'ya'yansa ba su sani ba sai daga baya. Bayan kowace saki, in rafi ya lafa, yakan taka har gangare, ya tona sabon rami a yashi, ya jira ya tsatso, ya sha da tafin hannu kafin yaran can su sha. Sau da yawa ya dawo lafiya. Wata shekara ya dawo ya kwanta, na yi jinyarsa ina faɗa. Na ce, "Wa ya aike ka?" Ya ce, "In ban iya sha ba, da wane baki zan ce su sha?"

Da 'yarmu ta ce ɗan gangare take so, mutane suka ce yanzu kam Malam ya ɗaure kansa da rafi. Ya ce shi tun ranar takalmi yake a ɗaure.

Ba zan ce ya yi nasara ba. Gari ya cika ya tumbatsa. Kowane lungu an haƙa burtsatse, kududdufin da yake ƙafewa da rani ya daina ƙafewa. Leda ta yi yawa har kachalar gefen yamma ta mutu, inda ruwan wankin mota yake bi. Shi ma ya sani. A 'yan shekarun nan yakan zauna a gaɓa da yamma, ya dawo ya ce mini, "Abin nan ya fi ƙarfina." In ce, "To ka bari mana." Ya ce, "In na bari, duka za su sha. Yanzu rabi suke sha."

Alhaji ya so a cike kududdufin a yanka filin kachalar a yi shaguna, tunda gado ne na su biyu. Sun yi shekara ba sa cin abinci a kwano ɗaya. Babban ɗanmu kuma, duk zuwansa sai ya ce, "Baba, wannan wahalar ta ƙaiƙayi ta mece ce? A buga musu waya mana." Malam ya ce, "Buga. Ka buga wa matar da ta fito da tulu tun duku-duku, ka buga wa Bafulatanin da ban san sunansa ba." Wayar ma yana sa a buga. Ƙaiƙayin ne dai bai taɓa fasawa ba.

A ciwonsa na ƙarshe, da zafin bazarar nan, abin da ya yi ta tambaya ke nan, an cika buhunan? Na biyun ya je ya cika ya jera, yana ƙunƙuni, don dai hankalin ubansa ya kwanta. Da aka gaya masa an jera sai ya juyo gare ni ya ce, "Naki fa?" Na ce, "Yana cikin rumbu, ka san ban taɓa fashi ba." Bai sake wata doguwar magana ba bayan wannan. Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa makwanci, ya shayar da shi ruwan da ba wanda ya riga ya ɓata.

To, ranar ukun nan, ana idar da la'asar gabas ta yi baƙi. Mutanen gangare suka miƙe don su isa gida kafin rafi ya kawo. 'Yata ta ce za ta bi su, don ta baro yara a can. Ta tsuguna kusa da ni ta ce, "Inna, kar ki sa kanki a maganar ruwan nan. Ke takaba kike yi." Na ce, "Tafi, hadari zai kama ku." Ta kai ƙofa ta juyo kamar za ta ƙara wani abu, sai ta fita.

Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina zaune ina jin lambatu yana ruri a bayan ɗaki, warin garin nan gaba ɗaya ya shigo ta taga. Kafin magariba ya ɗauke. Sai ga Alhaji da 'ya'yana biyu a ƙofar ɗaki, ƙafafunsu duk taɓo.

Alhaji ya ce, "Yaya, ruwa ya taɓa gindin katangarki. Gobe in mun fito masallaci za mu fasa."

Na ce, "Ko kwana bai yi ba. Baƙi ne wuluk, ina jin warinsa daga nan. Rafi fa, ya kawo?"

Na biyun ya ce, "Ya ɗan kawo, siriri. Ruwan a kan gari ya fi sauka."

Na ce, "To a kan me za ku sake shi?"

Babban ya ce, "Inna, ɗakinki ne zai faɗi, kina ciki. Baba da kansa ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Mu ma haƙƙinki yana kanmu."

Ban ce ƙarya yake yi ba. Na ce, "Ku zuba ƙaiƙayi, ku jira azahar, ku ɗaga layin sama kawai."

Alhaji ya yi 'yar dariya. Tun ina amarya muke wasa da shi, bai san ranar da ba a yi ba. Ya ce, "Yaya, ni da furfurata in ɗauki ƙaiƙayi a ka in kai wa rafi sadaka? Za a buga waya. Layi ɗaya kuma ba zai ceci katanga ba, wani hadarin yana tafe. Ke dai zauna ki yi takabarki, wannan maganar maza ce."

Suka tafi salla.

Na zauna na duba abin ta kowane gefe. In aka riƙe ruwan, ɗakin da Malam ya cika a ciki, wanda aka ce in zauna a cikinsa har in fita takaba, shi ne zai zube. In aka fasa, kafin hantsi ya isa ramin da jikokina suke sha. Filin ba nawa ba ne, na magada ne. Ƙafata kuma an ce kar ta tsallake ƙofar gida. Shekara da shekaru ina ce wa mutumin nan ya saki ruwan ya huta mu huta, ga shi yau za a sake, ni ce kuma na kasa haɗiye tuwo.

Washegari, ina idar da asuba, maza suna masallaci, na yafa mayafin takaba na je rumbu. Buhun yana nan a ƙasan takalmin. Ba shi da nauyi, ƙaiƙayi ne. Na ɗora a ka na fita ta ƙofar baya. Na bi gefen kachala, taɓo yana cire mini takalmi, har na isa rafi. Siriri ne kamar yadda aka ce, amma yana tafiya. Na kwance bakin buhun na zazzage, na karkaɗe har ƙurar ƙarshe. Na tsaya sai da na ga ya sha kwana wurin wata giginya ya ɓace.

Daga nan na hau gaɓa, na naɗe buhun na shimfiɗa a kan layin sama, na zauna.

Suka zo da shebur da fartanya, su da waɗansu maƙwabta. Da suka hango ni sai suka tsaya. Maƙwabtan suka sunkuyar da kai, ɗaya ya juya ya koma. Babban ɗana ya ce, "Inna!"

Alhaji ya matso ya rage murya. "Yaya, kina takaba. Me mutane za su ce?"

Na ce, "Su faɗa. Sai an kira azahar."

"In an kira fa?"

"Layin sama. Ɗaya."

"In muka ƙi?"

Na ce, "Ga ni nan, sai ka ɗaga ni."

Ba wanda zai sa hannu a jikin mai takaba, ya sani, na sani. Ya daɗe a tsaye, sannan ya jingine shebur ya nemi wuri busasshe ya tsuguna. 'Ya'yan ma suka tsuguna.

Daga inda nake zaune ina ganin bayan ɗakina. Danshi ya hau katangar har wajen gwiwa. Ina kallo wani ɓangaren yaɓe ya saki, ya zame cikin baƙin ruwan ba ko ƙara. Na gyara mayafina, na juya wa ɗakin baya, na sa ido ga rana. Ko tsawon zangarniya ba ta yi ba daga ƙasa.